Yadda nake ɗauke hankalin 'yan yaye da ƙasa da ruwa, daga bazara zuwa damina

A danginmu ni ake kawo wa yaye. Tun abin yana kamar wasa har ya zame min aiki: da yaro ya haura wata 18 ko ya doshi shekara 2, sai in ga an sauke min shi daga kan babur da 'yar ledar kayansa, uwar ta sha ruwa a tsaitsaye ta sulale kafin ya farga. Jikoki 9 na yaye a wannan ƙauye namu da ke tsakanin Ringim da Taura, ban da na maƙwabta da ake turo min da safe idan iyayen za su biki ko awo. Tsofaffinmu ba sa son yaye a tsakiyar zafi, kuma suna da gaskiya, amma idan uwa ta samu ƙaramin ciki tana goyo ba a tsayawa jiran hunturu. Shi ya sa yawancinsu a bazara suka faɗo hannuna, lokacin da kaza ma take buɗe baki tana haki a gindin randa.

Yaron da aka raba da nono ba ya jin "yi shiru". Alewa ba ta wuce minti 5, goyo yana karya baya, waya kuwa idan kin saba masa da ita, ranar da caji ya ƙare kukan ninki biyu ne. Abin da na ga yana ci shi ne hannunsa ya samu abin taɓawa, a waje, inda iska ke kaɗawa. Kuma ba abin saye ba ne. Ɗan shekara 1 zuwa 3 ba abin da yake so kamar ya yi abin da ya ga manya suna yi: ya ɗiba, ya zuba, ya daka, ya tankaɗe, ya share. Duk wasannin da zan gaya miki daga nan suka samo tushe.

'Yata ta uku da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi ta taɓa ce min Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019, wai yaro mai waɗannan shekaru ya riƙa samun motsa jiki na aƙalla minti 180 a yini, a rarrabe, kuma wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. Na ce mata to awa 3 ke nan. Mu a nan sa yaro ya motsa ba shi ne wahalarmu ba, wahalar ita ce inda zai motsa bai ƙone ba, bai kuma nufi bakin rijiya ba.

Lokaci da wuri tukuna

A Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40, don haka sau 2 nake fitar da yara. Na farko daga an sha kunu zuwa hantsi, wajen ƙarfe 10. Na biyu idan la'asar ta yi sakaliya har rana ta yi ja, kafin a kira magariba kowa ya shige. Abin da ke tsakani na zaure ne da rumfa da barci.

Kada ki gwada zafin ƙasa da tafin ƙafarki. Ƙafar da ta shekara 30 tana zuwa gona ta yi kaushi, ba za ta gaya miki gaskiya ba. Ɗora bayan hannunki a kan rairayin ki ƙirga zuwa 10. Idan kin kasa, shi ma ba zai iya ba. Haka za ki taɓa duk wani ƙarfe da ya sha rana, ko kwanon sha ne ko ƙyauren langa-langa.

Inuwar darbejiya ko ta mangwaro ta fi. Gawo yana cika da ganye a rani lokacin da wasu itatuwa suka kaɗe, inuwarsa tana jan mutum, amma gindinsa ƙaya ce da kashin dabbobi, ban taɓa zaunar da yaro a nan ba. Ki tuna kuma inuwa tafiya take yi. Mu da safe muna yamma da rumbu, da la'asar mu koma gabas da shi.

Sai shara, amma irin wadda ake yi a tsugune. Ki tsince tsidau da ƙarangiya, fasasshiyar kwalba, tsohuwar reza, mataccen batir, da kashin awaki wanda yaro yake ɗauka gyaɗa ce. Ki duba jikin danga ma. Tumfafiya ruwanta fari yana yi wa ido illa. 'Ya'yan zurma, na bini-da-zugu, na zaƙami da na idon zakara duk dafi ne, kuma duk suna da kyan gani a idon yaro, musamman idon zakara da ke ja da baƙi kamar dutsen ado. Idan akwai su inda za a yi wasa, a cire su ko a sauya wuri.

Rairayi

Ba a banza aka sa wa ƙasar nan suna Jigawa ba, rairayi ko'ina ka taka. Sai dai na tsakar gida ya gauraya da kashin kaji da fitsarin tumaki, kuma ta ƙasa mai ƙazanta tsutsar ciki take samun hanya. Ni nakan sa a ɗebo min buhu 3 a amalanke daga wani tudu da ke nesa da inda mutane ke kewayawa. In tankaɗe shi da tsohuwar rariya, in baza shi a rana kwana 2 ya gasu, sannan in tara shi a inuwa in kewaye da tubali, faɗinsa kamar tabarma ɗaya. Da dare ina rufe shi da buhu saboda mage. Da safe kuwa da sanda nake ɗaga buhun, ba da hannu ba, don kunama tana son irin wannan maɓoya, lokacin zafi ma ta fi yawo.

Kayan aikin duk na ɗakin girki ne da suka tsufa: ludayi, ƙoƙo, marar kwasar tuwo, murfin roba, faifan da ya fara tsinkewa. Gorar lemo idan kin yanke ta biyu kin samu abu 2, bakin ya zama mazurari, gindin ya zama kofi. Ki goga wajen yankan a jikin siminti har ya daina kaifi. Gwangwanin tumatir ko na madara sai an bubbuge bakinsa da dutse, ki zagaya yatsanki a ciki ki tabbatar.

Busasshen rairayi na zubawa ne da tankaɗe. Ki riƙe masa mazurarin ya zuba, ya ga yadda yake tsiyaya yana tara tsibi. Za ki gaji shi bai gaji ba. Jiƙaƙƙe kuma na gini ne, nan ne tuwon ƙasa yake shigowa. Yayyafa ruwa kaɗan har rairayin ya riƙa dunƙuluwa a hannu, a cika ƙoƙo, a danna, a kife, a ɗaga a hankali. Ga malmala. Ɗan wata 18 ba zai gina ba, rushewa zai yi, kuma kada ki hana shi, rushewar ita ce wasansa. Ke ki yi ta kifawa shi ya yi ta markaɗewa da tafin hannu yana ƙyalƙyala dariya. Sai wajen shekara 2 da rabi zai fara cewa a bar masa nasa.

Akwai wanda muka yi muna yara, har yau bai tsufa ba. Ya miƙe ƙafa, ki tara masa jiƙaƙƙen rairayi a kai ki daddaɓe, sannan ya zare ƙafar a hankali. Sai ga ɗaki da ƙofarsa. A kafa tsinke a yi danga, a shigar da totuwar masara a ce akuya ce. Wani kuma shi ne ɓoyo: ki binne ƙwallon goruba 3 yana kallo, ki ce ya nemo. Idan ya ƙware sai ki sa ya rufe ido. Na zaɓi goruba ne don ta fi ƙarfin bakinsa. Ma'aunina ke nan a komai: ki haɗa babban yatsa da manuni kamar zobe, duk abin da ya wuce ta ciki ya yi ƙanƙanta. Ƙwallon dabino, na kanya, na magarya, aya, tsakuwa, murfin gorar lemon kansa, duk ba sa shiga filin wasana.

Wanda ya fi riƙe su shi ne daka. Ina da wani ƙaramin turmi na dakan yaji da ya tsage, na jiƙa shi na wanke har yajin ya fita, na yanke guntuwar muciya ta zama taɓarya. In tsinko musu ganyen zogale ko na rama. Kishiyata, wato jikata ta wajen babban ɗana, takan shafe rabin awa tana lugude, ta kwaɓa da ƙasa, ta kawo min a mara har da ɗan rusunawa. Sai in kai baki kamar na ci, in yamutsa fuska in ce, "Haba kishiya, wannan miya ba gishiri, maigida ba zai ci ba." Ta koma da gudu ta ƙaro rairayi. Maza ma suna so, kada ki ce wasan mata ne ki kore su, a wannan shekarun duk ɗaya suke.

Kina zaune ki riƙa yi masa magana. Wannan ya cika, wannan ba komai, wannan nauyi, zuba kaɗan, kawo ɗaya, kawo biyu. Yaran da suka zo min baki bai buɗe ba, da yawansu a bakin rairayin nan suka fara haɗa kalma biyu. Za su kai ƙasa baki, wannan babu makawa, ki goge ki ce "tofar" ba tare da tsawa ba. Amma idan kin ga yaro ya mayar da cin ƙasa sana'a, yana kankarar bango yana ci kullum, ki faɗa wa malaman asibiti, don yakan zo tare da ƙarancin jini.

Ruwa, da abin da bokiti ya koya min

Shekarun baya ina yayen wani jikana, wanda nake kira maigidana. Na ajiye bokitin wanki, ruwan bai kai rabi ba, na juya in tuƙa tuwo don talge ya fara kamawa. Ban ji kuka ba, ban ji fantsama ba. Abokiyar zamana ce ta fito daga ɗaki ta saki salati, ta fizgo shi ta ƙafa. Ya leƙa ne zai ɗauko ludayinsa, kai ya rinjaye shi. Allah ya sa da sauran kwana. Ƙaramin yaro kansa ya fi jikinsa nauyi, idan ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma shiru abin yake faruwa. Har yau idan na tuna sai cikina ya juya.

Tun ranar na sauya tsari. Ruwan wasa a faffaɗan tire nake zubawa ko babban faranti, zurfinsa kada ya wuce gaɓar yatsa 2. Ina zaune inda hannuna zai kai gare shi, ba inda idona kawai zai kai ba. Idan an yi sallama ko tukunya ta kira, in saɓe shi mu tafi tare. An gama, ruwan ya tafi gindin zogale, bokiti da baho a kife, rijiya a rufe. Kuma ba na barin wasan ruwa a hannun 'yar raino mai shekara 7 ko 8. Tana iya goyo, tana iya rarrashi, amma ita ma yarinya ce, da ƙawarta ta kira ta daga zaure ta tafi.

Na san ruwa tsada yake a bazara, wani lokaci sai an yi layi a tuƙa-tuƙa tun asuba. Moɗa 3 ta isa. Sai dai ya zama irin wanda ake sha, don ko kin ƙi ko kin so zai kurɓa.

Mafi sauƙi shi ne shafe da ruwa. Ki ba shi ƙoƙo da soso, ko zangarniyar dawa da aka sussuke, ko tsumma ɗaure a tsinke, ya yi ta shafa dakali, da jikin randa, da turmi. Wurin ya yi duhu, kafin ya juyo rana ta shanye, sai ya tsaya yana mamaki ya sake. Banda bangon ƙasa, kada maigida ya dawo ya tarar an zaizaye masa katanga.

Gora mai huji ita ce ruwan samansu. Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindin gorar roba wuri 6 ko 7, ki cika ki rataye a reshe daidai tsayin da zai tsiyayo masa a kai. Ya yi wanka, ya yi wasa, ƙurajen zafi su lafa. Wanki ma wasa ne: tsumma 2 da 'yar tsana, ya cuɗa ya matse ya shanya a kan danga, ba omo, don yana shiga ido.

Ranar Lahadi idan an dawo daga kasuwar Gujungu da kankana, mukan yi biki biyu. A cire 'ya'yan a ba su su sha, ɓawon kuma ya zama kwalekwale. Ɓawon kuka da aka fasa biyu ma yana yi, ya fi ma daɗewa. Sai in ja musu 'yar magudana a ƙasa da bakin fartanya, irin yadda masu lambu ke kora ruwa zuwa fangali, in zuba moɗa ɗaya daga sama su bi ruwan da gudu su ga inda zai tsaya. Ɗan shekara 3 yakan gane da kansa cewa idan ya tare da ƙasa ruwan zai sauya hanya, daga nan kuma kin huta.

Idan an samu ƙanƙara daga masu firjin sola, a sa babban dunƙule a tire su yi ta turawa yana zillewa. Da ya narke ya kusa shiga baki sai a ɗauke. Kumfa kuwa, muna yara da ruwan bini-da-zugu muke busawa, ban yarda a yi wa jikokina haka ba. Ruwan sabulu da karan ganyen gwanda, wanda cikinsa rami ne, sun wadatar. Babba ne zai busa, su nasu bi da kamawa, domin ƙaramin yaro idan ka ce ya busa, zuƙa yake yi.

Duk wannan, moɗar shan ruwa tana gefe. Kada ki jira ya ce ƙishirwa, bai iya faɗa ba, wasa ma ya ɗauke masa hankali. Ki riƙa miƙa masa a kai a kai. Idan kin ga fitsarinsa ya ragu ya yi ja, leɓe ya bushe, yana kuka ba hawaye, ko ya yi laƙwas ba ya son wasan da ya saba, a koma inuwa, a tuɓe shi, a shafa masa ruwa, a ba shi ya sha. Idan da gudawa a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato leda 2 ta fiya wata, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, in ba a samu na ƙunshi na asibiti ba. Jiki ya yi zafi rau, ko wuya ya sanƙare, ko ya ƙi shan komai, wannan ba na gida ba ne, a nemi babur. Lokacin zafi lokacin sanƙarau ne.

Kala daga madafi

Fentin kanti ban san da me aka yi shi ba, kuma yaro sai ya lasa. Nawa daga madafi yake fitowa. Zoɓo da aka jiƙa da kauri yana ba da ja, kurkum rawaya, dakakken zogale kore, gawayi baƙi, farar ƙasa fari. In dama ɗan koko mai kauri ya huce, in raba a murafen roba, kowanne da kalarsa. Kaurin ne ke sa ya kama. Sai a yaga kwalin taliya a shimfiɗa, a tuɓe wa yaro riga, ya tsoma tafin hannu ya manna, ya tsoma ƙafa ya taka. Kurkum ba ya fita a tufafi, na gaya miki tun yanzu. Bula da toka ba na sa su, ɗaya ba ta ci ba ce, ɗaya tana cin ido.

Idan kina da hanyar masu ginin tukwane, ki roƙi yumɓu dunƙule ɗaya. Ɗan shekara 2 mulmulawa kawai zai yi da tsinkawa, ke ce za ki fitar masa da sa mai tozo da ƙaho. A shanya a inuwa don kada ya tsage. Gobe zai fasa shi, a jiƙa a sake.

Na kiɗa da na gudu ba sa buƙatar dogon bayani. Ƙwarya a kife da ludayi 2, an gama. Busasshen ɗan kuka da ba a fasa ba yana kacau-kacau da kansa. Motar kara ko ta gwangwani mai tayar tsohon silifas yayyensu maza ne ke ƙerawa, ke dai ki gajarta igiyar yadda ba za ta zagaye wuya ba. Mai tatata a ba shi keken katako mai ƙafa 3 na wajen kafinta ya tura a inda ƙasa ta daddaɓu. Waɗanda ƙafarsu ta yi ƙwari in ja musu layi mai lanƙwasa a ƙasa su bi, ko in jera tubali 4 su tsallaka. Lilo da zani nake ɗaurawa a reshe mai kauri, ƙasa-ƙasa yadda ƙafarsu tana taɓa rairayi, kuma in kwance shi da an gama.

Da yamma lis mukan fita ƙofar gida mu tari dabbobi suna dawowa daga kiwo. Ba wani abu ake yi ba, nuni ne da kiran suna: ga tunkiya, ga ɗan maraƙi, ga balbela tana bin shanu, yaya jaki yake kuka? A nan ne muke fara ganin shamuwa. Da ta sauka a kan kuka na san kwanakin busasshen rairayi sun kusa ƙarewa.

Idan ruwa ya sauka

Damina tana kawo sanyi, tana kuma kawo nata sharaɗin. Yayyafi marar iska da tsawa, ina barin su su taka, su yi tsalle a tsakar gida na ɗan lokaci, sannan a yi wanka da ruwa mai ɗumi a shafa mai. Hadari ya haɗo da walƙiya kuwa, ɗaki, kuma ba a fakewa a gindin itace. Taɓon da ruwan sama ya yi yanzu-yanzu a wuri mai tsabta ba laifi. Kwatami da ruwan da ya kwana, a'a. Kududdufi ko kusa ba ma zuwa: ga nutsewa, ga tsargiya da ake ɗauka a irin ruwan da ke kwance, wadda ke sa yaro fitsarin jini. Duk gwangwani da gora da tayar da aka yi wasa da su a kife su, in ba haka ba ke da kanki kike kiwon sauro. Kuma idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina suka zo gida-gida, wanda ake ba 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata, a karɓa, a kuma cika na kwana 2 da suke bari a hannun uwa. Ciyawa ta yi tsawo a nome ta, saboda maciji.

Babban wasan damina shi ne gayauna. Nakan ware wa kowane yaro wuri kamar faɗin faifai 2 a bayan ɗaki, in ce gonarsa ce. Ya tona da ludayi, ya jefa iri, ya rufe da ƙafa kamar yadda ya ga ana yi. Wake ya fi, don cikin kwana 4 ko 5 ya fasa ƙasa, haƙurin yaro bai wuce haka ba. Kullum da safe sai mun je gaishe da gona. Zai tumɓuke wasu don ya ga abin da ke ƙasa, shi ya sa nake shuka nawa a gefe a ɓoye.

Sai dai abu 2. Irin da aka saya mai magani, wanda za ki gan shi ja ko shuɗi, ba ya zuwa hannun yaro ko kaɗan, haka robar maganin feshi da buhun takin zamani, ko an wanke su. Na biyu, ƙwayar wake ta karya ma'aunin zoben nan nawa, don haka ɗaya-ɗaya nake miƙawa, ina gani ta shiga rami kafin in ba da wata. Na koyi wannan ne bayan wata jika ta cusa ɗaya a hanci ban sani ba, sai da hancin ya fara wari ta gefe guda. Maƙwabta suka ce a sa tsinke, wasu suka ce a ɗura ruwa. Ban yarda ba, don tsinke tura shi yake yi ciki, wake kuma kumbura yake idan ya sha ruwa. A asibiti cikin ɗan lokaci suka fitar da shi, har ya fara tsagewa zai tsiro.

Kowane wasa da wankin hannu da sabulu yake ƙarewa, kafin a taɓa abinci. Ina yanke musu farce duk Juma'a don a nan ƙasa take maƙalewa. Shi ma wankin hannun na mayar da shi wasa, buta a hannuna, su jera kamar masu alwala.

Ranar da za a mayar da yaro gidansu, ki haɗa masa da ludayinsa da mazurarinsa a cikin ledar kaya, ki kuma gaya wa uwar lokutan da ya saba fita, don kada ya koma ya tarar da ɗaki a rufe da waya a hannu. Maigidan nan nawa na bokiti, da uwarsa ta zo ɗaukarsa bayan sati 3, kallo ɗaya ya yi mata ya ci gaba da kifa malmalarsa. Ta tsaya da mayafi a hannu, ido ya ciko, ta ce, "Inna, ya manta ni ne?" Na ce bai manta ba, tuwo yake yi, ki zauna a ba ki. Ta tsuguna ya miƙa mata mara cike da ƙasa. Da za su tafi sai da na cika masa gwangwanin madara da rairayin ya rungume, sannan ya yarda aka ɗora shi a babur.